Yadda Ake Karanta Taswira: Tambayoyi da Amsoshi

Taswira tana rataye a bangon aji, tana manne da takardar fili, tana kuma cikin wayar direban tirela da ɗan acaɓa. Kowa yana ganinta, amma kaɗan ne aka zaunar aka koya musu karanta ta. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce taswira, kuma me ya raba ta da hoton da aka ɗauko daga sama?

Taswira zane ne na doron ƙasa ko wani yanki nasa, kamar ana kallonsa daga sama, an ƙanƙanta shi bisa ma'auni sananne. Hoto yakan kwaso duk abin da ya tarar, har inuwar bishiya da hayaƙin bola. Taswira kuwa mutum ne ya zauna ya zaɓi abin da zai saka da abin da zai bari. Mai zana taswirar jihohi ba ruwansa da tudu da kwari, mai zana ta ruwan sama ba ruwansa da tashar mota. Shi ya sa babu taswira guda da za ta biya kowace buƙata.

Ba kuma baƙon ilimi ba ne a wajenmu. A 1824 Baturen Birtaniya Clapperton ya isa Sakkwato, ya koma da taswirar ƙasashen wannan yanki daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da bayanai cikin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826.

In an miƙo mini taswira, ina zan fara dubawa?

Gefenta. Ido yakan ruga tsakiya yana neman sunan garinsu, alhali duk abin da zai sa a fahimci tsakiyar a gefe aka rubuta shi. A can ne za ka ga take, wato abin da taswirar ke nunawa da wurin da take nunawa. A can ne mabuɗi yake, da ma'auni, da kibiyar arewa, da sunan hukumar da ta zana, da shekarar da aka yi aikin. Wanda ya tsallake waɗannan kallo kawai yake yi.

Shekarar da aka zana ta har tana da wani muhimmanci?

Ƙwarai kuwa, kuma ita ce aka fi mantawa. Taswirar Najeriya da aka buga kafin 1987 ba ta san jihar Katsina ba, domin a lokacin tana cikin Kaduna. Jigawa da Kebbi sai 1991, Zamfara sai 1996. Taswirar Afirka ta kafin 2011 Sudan ɗaya za ta nuna maka. Wannan ma iyakokin mulki ne, waɗanda mutane ke sauyawa da alƙalami.

Ƙasar kanta ma tana sauyawa. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan ya ja baya ƙwarai, har aka yi gonaki da ƙauyuka a wuraren da tsohuwar taswira ta shafe da shuɗi. Tafkin Tiga kuwa babu shi sam a taswirar da ta girmi 1974, domin ba a gama madatsar ba tukuna. Da yawa daga cikin taswirorin tudu da kwari da ɗalibai ke aiki da su a darasin labarin ƙasa an zana su ne tun shekaru da dama da suka wuce. Duwatsu da koguna suna nan inda suke, amma inda aka rubuta daji wataƙila yau unguwa ce mai masallacin Juma'a.

Yaya ake aiki da mabuɗi?

Mabuɗi shi ne ɗan akwatin da ke fassara alamomi da launuka. An saba ba ruwa shuɗi, a ba daji da ciyayi kore, layukan tudu ruwan ƙasa, manyan tituna ja, gine-gine da layin dogo baƙi. To amma al'ada ce kawai, ba doka ba. A taswirar da ke nuna tsayin ƙasa, kore yana nufin wuri mai ƙasa-ƙasa, ko da babu ko tsiro ɗaya a wurin. A taswirar siyasa kuwa launi ba ya nufin komai illa raba wannan ƙasa da maƙwabciyarta.

Akwai alama ɗaya da ya kamata mutumin Arewa da na Nijar ya riƙe: shuɗin layi mai yankewa-yankewa. Yana nufin rafi ko koramar da ba ta ruwa sai da damina. Da rani yashi ne za ka taka ka wuce, a watan Agusta kuwa tana iya hana mota hayewa kwana da kwanaki. Layin da bai yanke ba shi ne kogin da ba ya ƙafewa.

Lambar nan ta 1:50,000 me take nufi?

Shi ne ma'auni. Yana cewa duk abin da ka auna ɗaya a takarda, 50,000 ne irinsa a ƙasa. Santimita 1 a takarda santimita 50,000 ne a fili, wato mita 500. Ke nan santimita 2 kilomita 1 ne. A taswirar 1:100,000 lissafin ya fi sauƙi, santimita 1 kilomita 1. A ta 1:200,000, irin wadda aka yi wa Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta raina, santimita 1 kilomita 2 ne.

A ce ka ɗora rula tsakanin ƙauyenku da kasuwar da kuke ci, a taswirar 1:50,000, ka sami santimita 9. Ka raba biyu, kilomita 4 da rabi ke nan. Amma wannan nisan tsuntsu ne. Hanya tana lanƙwasa, tana kewaye dutse da fadama. Don haka sai ka samo zare, ka kwantar da shi a kan hanyar yana bin duk lanƙwasarta, ka danne ƙarshensa da farce, sannan ka miƙe shi a kan rula. Sau da yawa za ka ga santimita 9 ta zama 12.

Ka lura kuma, duk lokacin da lambar ta ƙara girma, bayani raguwa yake yi. A 1:1,000 kana ganin katangar gida. A 1:50,000 gari ya zama tarin ɗigo. A 1:1,000,000 Kano kanta ɗigo ɗaya ce.

Gargaɗin da nake so kowa ya ji shi ne wannan: in aka yi wa taswira fotokofi aka ƙara mata girma ko aka rage, ko aka ɗauki hotonta da waya, lambar ma'aunin ta tashi daga aiki. Rubutun yana nan yana cewa 1:50,000, amma takardar ta sauya. Abin da ba ya ƙarya shi ne ma'aunin sanda, ɗan layin nan da aka yanka gida-gida aka rubuta kilomita a kansa, domin shi tare yake girma ko ƙanƙancewa da taswirar. Da shi za ka gwada zarenka.

Dole ne arewa ta kasance a sama?

A'a. Sabo ne kawai. Taswirar duniya da masani Al-Idrisi ya kammala a 1154 a tsibirin Sisili, kudu ce a samanta, Afirka tana bisa Turai. Yau dai mafi yawan taswirori arewa suke sawa a sama, gabas a dama, yamma a hagu. In an saɓa wa haka, kibiyar da ke gefe za ta gaya maka.

Abin da ya fi amfani shi ne daidaita taswirar da ƙasa kafin ka fara tafiya. Ka shimfiɗa ta, ka juya takardar har arewarta ta fuskanci arewa ta gaske. In kana da kamfas, ko na waya, shi ke nan. In babu, ka nemi abu biyu da kake gani da ido kuma suna cikin taswirar, kamar dutse da gada, ka juya takardar har su hau layi. Rana ma tana taimakawa, sai dai ba kullum take fitowa daga tsakiyar gabas ba: wajen watan Yuni takan karkata arewa, wajen Disamba ta karkata kudu. Haka alƙibla. Muna cewa mun fuskanci gabas, amma daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa, gabas sosai kuwa digiri 90. Wanda ya ɗauki alƙiblar masallaci a matsayin gabas cif, taswirarsa ta riga ta karkace.

Layukan da suka gitta juna fa, da lambobin digiri?

Su ne adireshin kowane wuri a duniya. Na kwance suna gaya maka nisanka daga Ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Na tsaye suna gaya maka nisanka daga layin Girinwic, wanda aka amince a riƙa fara ƙirga daga kansa a taron Washinton na 1884, kuma ya ratsa Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo da Ghana, ya faɗa teku ta wajen Tema. Kano tana kusan digiri 12 arewa, 8 da rabi gabas. Najeriya gaba ɗaya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa.

Kowane digiri ɗaya na kwance kusan kilomita 111 ne. Damagaram tana dab da digiri 14 arewa, don haka ko ba ka da rula ka san ta fi Kano arewa da abin da ya kusa kilomita 200. Lambobin da waya ke ba ka in ka danna wuri su ne waɗannan, ta arewa ko kudu a farko, ta gabas ko yamma a biye. In ka juya su wajen turawa, ka tura mutum wani wuri daban.

Ta yaya takarda shimfiɗaɗɗiya za ta nuna tudu da kwari?

Da layukan tsayi, waɗannan masu ruwan ƙasa da ke zagaye-zagaye. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Ka kife ƙwarya, ka zana mata zobba daga baki zuwa gindi, kowane zobe ya ɗara na ƙasansa tsayi da yatsa ɗaya, sannan ka leƙo ta daga sama. Abin da za ka gani, zobe cikin zobe, haka dutse yake fitowa a taswira.

Inda layukan suka matsu, wurin yana da tsananin gangara. Inda suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. Shi ya sa taswirar Haɗeja kusan wayam take, ta bakin tsaunukan Jos kuwa layi kan layi. Inda layukan suka ƙetare rafi sukan yi tsini kamar bakin kibiya, tsinin kuma yana nuna inda ruwan ya fito ne, ba inda ya nufa ba. Da wannan kaɗai za ka san ta ina ruwa zai gangaro wa gona ko fili. Ka duba gefe ka ga tazarar da ke tsakanin layi da layi, ka kuma tabbatar ko da mita aka auna ko da ƙafa, domin tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa da ƙafa suke.

Gaskiya ne taswirar duniya ta rage wa Afirka girma?

Wadda aka fi sani, e. Duniya dunƙulalliya ce, ba yadda za a shimfiɗa ta a takarda ba tare da an ja wani wuri ko an matse wani ba. Tsarin da masanin taswira Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jiragen ruwa aka yi shi, kuma ya yi musu aiki, domin yana kiyaye kusurwar tafiya. Farashinsa shi ne yana kumbura ƙasashen da ke nesa da Ikwaita. A kansa Girinlan, tsibirin da ke can arewacin duniya, takan yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita kusan miliyan 30, ta ninka ta sau 14. Laifin ba na tsarin ba ne, na rataye shi a aji ne ana koya wa yara girman ƙasashe da shi. Akwai tsare-tsaren da ke kiyaye girma, kuma su ya kamata makarantunmu su nema.

Tunda akwai Google Maps, me zai sa in wahalar da kaina?

Ita ma taswira ce, da ma'auninta a ƙasan allo da kibiyarta, kuma wanda ya iya ta takarda ya fi morar ta waya. Tana da kyau a manyan birane. A karkara kuwa takan rasa sunan ƙauye, ko ta rubuta shi yadda mutanen garin ba za su gane ba, ko ta nuna maka hanya ba ta gaya maka cewa babu gada a kan koramar ba. Ga caji, ga rashin sabis. In tafiyar ta daji ce, ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gari, in ka isa kuma ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a wannan makon.

Zan sayi fili, an ba ni zanen safiyo. Me zan duba?

Abubuwan nan dai da muka lissafa. Ka duba sunan unguwa da lambar fili, da shekarar awo, da suna da hatimin safiyon. Ka duba ma'auni, wanda galibi 1:500 ne ko 1:1,000, ka ga ko tsawo da faɗin da aka rubuta da mita ne ko da ƙafa, domin ƙafa 100 mita 30 ce da ɗan ɗori. Sannan ka je filin da takardar a hannunka, ka daidaita kibiyar arewa, ka nemi turakun siminti na kusurwoyi, ka gwada lambobin da ke kansu da na takarda, ka ja tef tsakaninsu. In zanen ya ce titi yana gabas da filin, kai kuma ka tarar da shi a kudu, ko dai an juya zanen ko kuma wani filin aka kai ka. Kada ka biya ko kwabo sai ka kai takardar ofishin filaye na jiharku an duba ta a rajista.