Waiwaye: Yadda batun sauke shugaban ƙasa da ya gaza ya iso inda yake a yau

Tun daga 1999 da Najeriya ta koma mulkin farar hula, da wuya a nuna gwamnatin da ta kammala wa'adinta ba a ji kiran a tsige shugaban ƙasa ba. Muhawarar takan taso ne idan tsadar rayuwa ta kai wa jama'a iya wuya, ko tsaro ya taɓarɓare, ko kuma aka fara raɗe-raɗin cewa mai riƙe da muƙamin ba shi da ƙoshin lafiya. A nan Jos, daga teburan masu shayi na titin Bauchi zuwa shirye-shiryen rediyo na kiran waya, tambayar ɗaya ce: in dai shugaba ya gaza, me ya hana a sauke shi? Masu tambayar sukan cuɗa abubuwa uku wuri guda, wato laifi da rashin lafiya da rashin iya aiki, alhali kundin tsarin mulki ya raba su, ya tanadi hanya domin biyun farko, ya bar na uku ga ranar zaɓe.

A Jamhuriya ta Farko al'amarin bai kai haka wahala ba, domin firaminista yana kan kujerarsa ne muddin yana da rinjaye a majalisa. Juyin mulkin 1966 ya kawo ƙarshen wannan tsari, kuma daga nan har zuwa 1993 bindiga ce ta fi sauke shugabanni. Kwamitin da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa a 1975 domin rubuta sabon kundi ya ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, wanda ya fara aiki a 1979. A wannan tsari jama'ar ƙasa ne ke zaɓen shugaba kai tsaye na shekara huɗu, saboda haka aka tsaurara sharuɗɗan sauke shi, don kada 'yan majalisa su rushe a yini ɗaya abin da miliyoyin masu ƙuri'a suka gina. Kundin 1999 ya gaji waɗannan tanade-tanade kusan yadda suke.

Sashe na 143 shi ne wanda kowa ya sani, wato na tsigewa saboda babban laifi a bakin aiki. Ana farawa da takardar zargi mai ɗauke da sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku na 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa su 469, a miƙa ta ga Shugaban Majalisar Dattawa. Cikin kwana 14 kowace majalisa za ta kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, a kan ko a bincika zargin, kuma sai an sami kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Daga nan Alƙalin Alƙalai na ƙasa ya naɗa kwamitin mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba, su gabatar da rahoto cikin wata uku. Idan suka ce zargin bai tabbata ba, magana ta ƙare. Idan ya tabbata, sai majalisun biyu sun sake ba da kashi biyu bisa uku kafin shugaba ya sauka.

Ba a taɓa bin wannan hanya har ƙarshe a kan shugaban ƙasa ba. A watan Agustan 2002 Majalisar Wakilai ta ba shugaban ƙasa wa'adin mako biyu ya sauka ko a tsige shi, a watan Yulin 2022 kuma wasu sanatoci suka ba shugaban ƙasa wa'adin mako shida ya magance matsalar tsaro ko a tsige shi, amma babu wanda ya kai ga kafa kwamitin bincike. A jihohi ne aka gwada irin wannan tanadi, tun daga tsige Alhaji Balarabe Musa a Kaduna a watan Yunin 1981, zuwa gwamnoni biyar da aka sauke tsakanin 2005 da 2006. Mutanen Filato sun ga nasu rabon a watan Nuwamban 2006, lokacin da mambobin da ba su kai goma ba daga cikin 24 suka zartar da tsige gwamna, Kotun Ƙoli kuma ta soke matakin a 2007, tana mai cewa ana lissafa kashi biyu bisa uku ne daga dukkan kujerun majalisa, wato 16. Hukuncin ya tabbatar da cewa kotu na iya duba ko an bi ƙa'ida, duk da sakin layin da ya hana ta tsoma baki a sha'anin tsigewa.

Wannan duka sanannen tarihi ne. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sashe na 144, wanda ya shafi shugaban da ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa ya hana shi aiki dindindin, da kuma damar da ta zo a 2010 ta gyara shi.

Sashen ya ce matakin farko na Majalisar Zartarwa ta Tarayya ne, wato ministoci, waɗanda sai kashi biyu bisa uku nasu sun zartar da ƙuduri cewa shugaban ba zai iya aiki ba. Bayan haka ne Shugaban Majalisar Dattawa zai kafa kwamitin likitoci biyar, ɗaya daga cikinsu likitan shugaban ne na kansa, huɗu kuma ƙwararru a fannin ciwon da ake magana a kai. Idan suka tabbatar, shugabannin majalisun biyu su sa hannu a sanarwa, a buga ta a gazet ɗin gwamnati, kuma daga ranar da aka buga kujerar ta koma ga mataimaki. Duk wanda ya karanta wannan a tsanake zai lura da abu biyu. Na farko, shugaban ƙasa ne ke naɗa ministoci, kuma yana iya sallamar kowanensu a duk lokacin da ya ga dama. Na biyu, an sa mutanen da ba aikinsu ba ne duba marar lafiya su yanke hukunci a kan lafiyar mutum tun kafin likita ya gan shi, domin kwamitin likitoci ba ya samuwa sai bayan ƙudurin ministoci.

Shekara talatin wannan tanadi yana kwance ba wanda ya damu da shi, sai ranar 23 ga Nuwamba 2009, lokacin da aka tafi da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua Jidda neman magani. A wancan lokaci sashe na 145 cewa kawai ya yi mataimaki zai riƙe ƙasa idan shugaba ya aika wa majalisa takarda, bai faɗi abin da za a yi ba idan takardar ba ta zo ba, ko kuma idan ciwo ya hana mutum rubuta ta. Giɓin ya fara bayyana a ƙarshen Disamba, lokacin da Alƙalin Alƙalai mai barin gado ne ya rantsar da magajinsa, aikin da bisa al'ada shugaban ƙasa ke yi. Mu a Jos mun ɗanɗana shi fiye da kowa. Rikicin da ya ɓarke ranar 17 ga Janairu 2010 ya kai ga dokar hana fita ta sa'a 24, mutane suna kulle a gidaje babu ruwa babu cefane, ana jin harbi daga unguwa zuwa unguwa, a daidai lokacin da lauyoyi a Abuja ke gardamar ko mataimakin shugaban ƙasa yana da hurumin ba sojoji umarni. An turo sojojin, amma tambayar ta nuna cewa wannan batu ya taɓa rayukan talakawa kai tsaye.

A cikin watan na Janairu Babbar Kotun Tarayya ta ba majalisar ministoci kwana 14 ta bayyana matsayinta, majalisar kuma ta ce shugaban yana iya ci gaba da aiki. Mutane da yawa sun fusata, amma ni ina ganin kowace majalisar ministoci da aka ajiye a wannan matsayi abin da za ta faɗa ke nan, tun da doka ba ta ba ta ikon neman rahoton likita ba, ta kuma ɗora mata nauyin da ya ci karo da amanar wanda ya naɗa ta. Da hanyar ta toshe, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙuduri ranar 9 ga Fabrairu 2010 bisa hujjar lalura, ta ɗauki hirar da BBC ta yi da shugaban ta wayar tarho a matsayin takardar da kundi ya buƙata, ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Shugaba 'Yar'adua ya dawo gida a ƙarshen watan, ya rasu ranar 5 ga Mayu, Allah ya jiƙansa.

A cikin wannan shekara aka yi wa kundin gyaran farko, kuma a nan ne, a ganina, aka ɗauki hanyar da muke kanta har yau. An gyara sashe na 145 da takwaransa na jihohi, sashe na 190, aka ce idan shugaba bai aika takarda ba cikin kwana 21, kowace majalisa za ta zartar da ƙuduri da rinjaye mafi sauƙi, ta ba mataimaki riƙo. Gyara ne mai amfani, kuma an ga amfaninsa a 2017 lokacin da shugaban ƙasa ya yi sama da kwana 100 yana jinya a Landan, takarda ta je majalisa, muƙaddashi ya ci gaba da aiki ba tare da rikici ba. Sai dai an bar sashe na 144 yadda yake, kamar magini da ya toshe inda rufi ya yi yoyo a daminar bara, ya bar azarar da gara ta ci. An warware matsalar tafiya ta ɗan lokaci, ba a taɓa matsalar gazawa ta dindindin ba. Sabon tanadin ma ya ce riƙon yana ƙarewa ne da zarar shugaba ya aiko da wasiƙa cewa ya dawo, ba tare da wani ya tabbatar da lafiyarsa ba.

Ba a daɗe ba Taraba ta nuna illar haka. Marigayi Gwamna Danbaba Suntai ya yi haɗarin jirgin sama kusa da Yola a watan Oktoban 2012, ya yi kimanin wata goma yana jinya a ƙasashen waje, ya dawo a watan Agustan 2013. Wasiƙar komawa aiki ta isa majalisar jihar, aka kuma sanar da rushe majalisar kwamishinoni, wato ainihin waɗanda sashe na 189 ya ba ikon fara batun gazawa. Majalisar dokoki ta rabu, magana ta tafi kotu, jihar ta ci gaba a hannun muƙaddashi har wa'adin ya ƙare a 2015. Babu buƙatar a zargi kowa da mugun nufi kafin a ga matsalar, domin dokar da za a iya dakatar da ita ta hanyar sallamar masu aiwatar da ita tana da rauni ko a hannun wa take. Haka nan idan ba a riga an naɗa ministoci ba, kamar yadda ya kasance daga ƙarshen Mayu zuwa Nuwamban 2015, sashe na 144 ba shi da wanda zai motsa shi.

Abin da ke ƙara sa mutum tunani shi ne, a cikin 2010 ɗin nan Kenya ta amince da sabon kundinta, wanda ya ba kowane ɗan majalisa damar gabatar da batun lafiyar shugaba idan ya sami goyon bayan kashi ɗaya bisa huɗu na mambobi, sa'an nan in majalisa ta amince Alƙalin Alƙalai ya kafa kwamiti mai likitoci uku a ciki. Kundin Ghana na 1992 shi ma a majalisar dokoki ya ajiye matakin farko. Amurka kuwa, wadda gyara na 25 da ta yi wa kundinta a 1967 ya dogara da mataimakin shugaba da rinjayen ministoci, ba ta taɓa amfani da wannan sakin layi ba, ko da yake ta bar wa majalisarta damar kafa wata hukuma dabam a madadin ministocin.

Masu son a bar sashen yadda yake suna da hujjar da bai kamata a raina ba. A Tunisiya a watan Nuwamban 1987 takardar da likitoci bakwai suka sa wa hannu ce ta kawo ƙarshen mulkin Habib Bourguiba cikin dare ɗaya, kuma a ƙasa irin tamu, inda ake kallon kujerar shugaba ta fuskar yanki da addini da karɓa-karɓa, rahoton likita na iya zama makamin siyasa. Amma amsar wannan fargaba ita ce a ƙarfafa matakin tabbatarwa, a sa likitoci masu zaman kansu su fara dubawa, a bar yawan ƙuri'un da ake buƙata a sama. Idan hanyar doka ta gagara, abin da ke biyo baya shi ne irin ƙudurin lalura na 2010, wanda ya fitar da ƙasa daga ƙangi amma babu shi a rubuce a kundi.

Shugaban da lafiyarsa ƙalau, bai kuma karya doka ba, amma jama'a suna ganin ya kasa, kundi bai tanadi kiranye a kansa ba, domin sashe na 69 'yan majalisa kaɗai ya shafa. Gaskiya ne sashe na 143 ya bar wa majalisa ta fassara abin da take ganin babban laifi ne, sai dai tara sanatoci 73 da wakilai 240 har sau biyu a kan shugaban da yawanci jam'iyyarsa ke da rinjaye abu ne mai wuyar gaske. Gyaran sashe na 144 shi ma yana da nasa tsaunin: sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun amince, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun goyi baya, alhali duk abin da aka sauya a can zai shafi sashe na 189 na gwamnoni, daga ƙarshe kuma a kai wa shugaban ƙasa mai ci ya sa hannu.