Fara garken maruƙan nuni a Jos: wane iri, wane jini?

Masu son shiga kiwon shanu na zamani a Jos da kewaye suna yawan kawo waɗannan tambayoyi, musamman matasan da suka ga hotunan maruƙan gasa a Facebook, suka ji su ma suna son fito da irinsu.

Me ake nufi da maraƙin nuni, kuma akwai kasuwarsa a nan?

Maraƙi ne da ake reno don a fito da shi fili a gwada shi da tsararrakinsa, alƙalai su duba ƙira da tafiya da lafiya. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, yara 'yan makaranta ne ke sayen maruƙan su kai su gasa. Mu a nan abin bai kai haka ba. Muna da bikin nunin amfanin gona na ƙasa da ake yi a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, da wasu bukukuwan jihohi, amma kyautar da ake bayarwa ba za ta biya kuɗin dusa ba. Amfanin cin gasa shi ne suna. Idan maraƙinka ya zo na ɗaya, masu neman bijimin barbara za su san ƙofarka. Saboda haka ka gina garken da zai ci da kansa ko da ba a yi biki ba a shekarar.

Wane iri ya fi dacewa da mai farawa?

A ganina Bokolo ko Bunaji. Bokolo, wato Gudalin Sakkwato, yana da cikar jiki da gajeren ƙaho, ga sanyin hali, abin da ake buƙata ga dabbar da za a ja da igiya cikin taron jama'a da ƙarar lasifika. Bunaji kuwa ita ce farar saniyar da ta saba da tsaunukan Filato, mai baƙin kunne da baƙin hanci, tana jure kaska da damina fiye da Bokolo, kuma samun bijiminta ba ya wuya. Rahaji kyakkyawa ce, ja mai dogon ƙaho, amma saniyar daji ce, ba ta son ɗauri, tana da saurin firgita. Gudalin Adamawa ma yana da nama, in ka samu na ƙwarai. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa, domin garken da aka tara daga kowane iri maruƙansa ba sa kama da juna.

Ai an ce sanyin Jos ya dace da shanun Turai. Me zai hana in fara da su?

Gaskiya ne Jos ta kai tsayin kusan mita 1,200, kuma shanun Turai sun fi sakewa a nan fiye da Sakkwato ko Maiduguri. Amma sanyi kaɗai ba ya riƙe saniya. Daminarmu tana zuwa da kaska da kirci, kuma tsando mai kawo sammore, wanda a da ake cewa babu shi a kan tsauni, yanzu ana samunsa. Firiziyan, wato saniyar madara ta Turai, in tsantsa ce tana son feshin kaska a kai a kai, da abinci mai gina jiki kullum, da likita a kusa. Mako biyu na sakaci ya isa ta rame.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce rabi da rabi. A cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya an daɗe ana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma 'ya'yan farko suna ba da madara fiye da uwayensu, suna jure ƙasa fiye da ubanninsu. In nama da ƙira kake so, manyan shanun ƙasashen waje irin su Simental ko Barahman a kan Bokolo sun fi ma'ana. Sai dai ka sani, idan ka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, maruƙan sukan rarrabu, wani ya ɗebo can, wani ya ɗebo nan. Game da maruƙan Amurka masu gashi buzu-buzu kuwa, wannan gashin a wurinsu ado ne, a wurinmu maɓoyar kaska ce.

Tsakanin iri da jini, wanne ya fi muhimmanci?

Jini. A cikin Bunaji akwai zuriyar da ke haihuwa a kan kari, akwai wadda sai ta shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba, kuma duk farare ne. Fulani sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke bin asalin saniya ta wajen uwa. Ka tsaya da dattijon makiyayi da safe kafin a saki shanu, ka nuna masa karsana ɗaya, zai gaya maka uwarta da kakarta, wadda ta fi nono a cikinsu, da wadda take harbi in ana tatsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan bayanin ba ka samunsa a kara, inda saniya kan bi hannu uku kafin ta iso ga dillali. Karar Bukuru wurin sayen san yanka ne da na turka. Uwar garke kuwa a je ruga ko gonar da ke ajiye rajista, a ga uwar da ido, a ga 'yan'uwanta. Kuma a sani makiyayi ba ya rabuwa da saniyarsa ta ƙwarai da sauƙi. Sai da sabo da haƙuri, wani lokaci da farashin da ya ɗara na kasuwa.

Me zan duba a jikin karsana?

Fara daga ƙasa. Ka sa a kora ta a kan tsandauri, ka tsaya a bayanta. Kofaton baya ya kamata ya sauka kusa da sawun na gaba, gwiwoyin baya kada su riƙa gogar juna. Kofato ya zama daidai, ba ɗaya ya hau ɗaya ba. Daga nan gadon baya ya miƙe daga tozo zuwa gindin wutsiya, ƙugu ya yi faɗi saboda haihuwa, ƙirji ya yi zurfi. Ka sunkuya ka ga hantsa, kan nono huɗu daidai wa daida, domin maraƙin gasa a nonon uwarsa ake fara gina shi. Buɗe bakinta: manyan haƙora biyu na gaba suna nuna ta kai shekara biyu ko kusa. Sannan ka matso ka ɗora mata hannu. Wadda ta zabura ta tsinke igiya, mai yiwuwa 'ya'yanta ma haka za su yi, wani ɓangare gado, wani koyi.

Kada ƙiba ta ruɗe ka. Kitse yana ɓoye aibi, kuma karsanar da aka turke ta yi teɓa takan yi wuyar ɗaukar ciki.

In sayi bijimi ko in yi amfani da allurar barbara?

In shanunka ba su wuce biyar ko shida ba, ciyar da babban bijimi asara ce. Allurar, wato ɗura wa saniya maniyyin bijimi, tana ba ka damar samun jinin da ba za ka iya saye ba, amma sai da lura, domin saniya na neman namiji ne kusan kowane kwana 21, kuma shanunmu sukan nuna alamar a taƙaice, sau da yawa cikin dare. Ka tabbata an ajiye maniyyin a cikin tukunyar sanyinsa yadda ya kamata, kuma an ba ka sunan bijimin. Kada ka ɗura wa karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba irin manyan shanu kamar Simental, maraƙin kan yi mata girma, a rasa uwa da ɗa. In bijimi ka ajiye, ka sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Akwai cututtukan gado da ya kamata in ji tsoro?

Akwai, musamman a maniyyin da ake shigowa da shi. A wasu zuriyoyin shanun gasa na Amurka an samu wata cuta da ake haihuwar maraƙi da naƙasasshen ƙashin ƙafar baya, da wata da ake haihuwarsa a kumbure huhunsa bai cika ba. Uwa da uba suna lafiya ƙalau, amma in duka biyun suna ɗauke da ita, ana sa ran maraƙi ɗaya cikin huɗu zai fito da cutar. Ana gwajinsu, don haka ka nemi takardar. A gida kuwa abin da ya fi kashe sabon garke shi ne bakkale mai sa ɓari, wanda yake kama mutane ma ta ɗanyar madara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, tana nan kusa da mu. A ɗebi jinin duk dabbar da za a saya a gwada, a ware ta makonni uku zuwa huɗu, a yi mata rigakafin ciwon huhu da boru da harbin daji.

Da shanu nawa zan fara, kuma yaushe zan ga sakamako?

Karsana uku ko huɗu na ƙwarai sun fi goma da aka tsinto, musamman a wurin da makiyaya ta yi ƙaranci kuma ake sayen harawa da dusa da rani. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, shanun gida kuma kan kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari. Mai son rage jira ya nemi saniya mai ciki na biyu, wadda maraƙinta na fari ke tsaye a gefenta. Tun ranar farko ka buɗe littafi: sunan uwa, sunan uba, ranar haihuwa, nauyi ko awon ƙirji a lokacin yaye. Maraƙi kuma ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, a fara saba masa da igiya da shafa tun yana ɗan makonni kaɗan.