Alobera da kaktus sun fara lalacewa a gida? Tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa a nan Katsina suna sayen alobera, kaktus (tsiro mai ƙaya) ko ƙariya (tsiro mai ƙaton gindi da jan fure) a wurin masu furanni saboda an ce musu ba sa mutuwa. Ba a jima ba sai ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi. Ga tambayoyin da aka fi yi, kuma yawancin tsirran nan ana iya ceto su in an farga da wuri.

Safe da yamma nake ba alobera ta ruwa, amma sai ƙara lalacewa take yi. Me ya rage ban yi ba?

Ruwan nan shi ne ke kashe ta. Irin waɗannan tsirrai suna tara ruwa a ganye ko a kara, kuma da yawansu sai da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu don kada zafin rana ya ƙwace musu danshi. Ƙishirwa sun saba da ita. Abin da ba su iya jurewa shi ne saiwa ta yi kwanaki cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin saiwa na buƙatar iska, in ta rasa sai ta ruɓe. A nan ne ake samun ruɗani: ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganyen ya yanƙwane, mai shi ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara kwarara ruwa.

Ki ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan ki ƙyale ta sai ƙasar ta bushe ƙarau. Ki soka busasshen tsinke har ƙasa. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, lokaci bai yi ba. A bazara yana iya zama kusan mako guda, a hunturu mako biyu ko uku. Tsinken dai za ki bi, ba lissafin kwanaki ba.

To yaya zan bambance ƙishirwa da ruɓewa?

Ki matsa gindin da yatsa. Mai jin ƙishirwa ganyenta kan sirance ya nannaɗe, amma gindin na nan da tauri, kuma 'yan kwanaki bayan ta sha ruwa za ta murmure. Mai ruɓewa kuwa ganyen kan yi rawaya da ruwa-ruwa, ki taɓa shi ya faɗo, gindin ya yi baƙi, wani lokaci har da wari.

Gindin kaktus ɗina ya riga ya yi baƙi. Shi ke nan, in jefar?

Kada ka yi sauri. Ka fito da shi daga tukunya, ka kakkaɓe ƙasar, ka duba saiwar. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, kuma da ƙarfinta. Wadda ta mutu baƙa ce, tana saɓulewa a hannu. Ka samu reza sabuwa ko wuƙa mai kaifi da ka goge da sifirit, ka yanke duk inda ya lalace. Ka dubi fuskar yankan da kyau: muddin akwai ɗigon baƙi ko launin ƙasa a tsakiya, ka goge wuƙar ka ƙara yankawa sama, har ka isa nama mai tsabta. Ko da kan tsiron kaɗai ya rage, ya isa.

Sai ka ajiye shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kamar mako guda, mai kauri har mako biyu, sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Nan ne mutane ke gaza haƙuri, gani suke zai mutu tun da ba ya cikin ƙasa. Amma ka tuna yadda manomanmu ke yin shingen aguwa: reshe ake sarewa a kafa shi a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, kuma ya kama. Bayan ya yi ɓawo ka dasa shi a sabuwar ƙasa busasshiya, ka jira wani makon kafin ka ba shi ruwa kaɗan. Tsohuwar ƙasar ka zubar da ita.

Ai ƙasarmu ta Katsina da Daura jigawa ce. Ba zan ɗiba daga tsakar gida in zuba ba?

A fili jigawa tana tsotse ruwa da sauri, amma a cikin tukunya rairayi mai laushi danƙarewa yake yi ya riƙe danshi. Ka nemi yashi mai kaushi irin na magina, ka haɗa da ƙananan tsakuwa ko dakakkiyar marmara, ka sa ƙasar lambu kamar kashi ɗaya cikin uku, da ɗan farfasasshen gawayi. Laka da ɗanyen kashin dabbobi ka nisance su. Takin zamani ma ba maganin tsiro marar lafiya ba ne, ƙona saiwar zai yi.

Tukunya kuwa dole ta zama da huda a ƙasa. Ni dai na fi son ta ƙasa irin ta maginanmu, domin tana numfashi, danshi na fita ta jikinta. Baƙar roba a ranar Afrilu tana ɗaukar zafin da zai dafa saiwa. Kada kuma tukunyar ta fi tsiron girma sosai.

Damina fa?

Ita ce lokacin haɗari, musamman Agusta, sa'ad da ruwa ke sauka kusan a jere. Ka mai da tukwanen ƙarƙashin rumfa ko baranda, ka ɗora su kan bulo, kuma ka tabbata ba a bakin indararo suke ba. In akwai faranti a ƙarƙashin tukunya, kada ruwa ya kwana a ciki.

Na ajiye nawa a falo, sai ya yi tsawo siriri, launinsa ya koɗe. Da na fitar da shi rana kuma ya ƙone.

Tsawon nan neman haske ne, kuma inda ya sirance ba ya komawa daidai, sai dai a yanke kan a sake dasawa. Ƙunar kuma daga fitarwa lokaci guda ne. Tsiron da ya saba da ɗaki ba zai iya da ranar bazara ba, wadda zafinta kan haura digiri 40 a nan. Ki fara da hasken hantsi na sa'a ɗaya ko biyu, ki riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Wuri mafi kyau shi ne gefen gabas, inda zai sami ranar safe, bango ko inuwar bedi ta kare shi daga azahar zuwa la'asar. Alobera in rana ta yi mata yawa takan koma ja-ja, in aka ja ta inuwa sai ta dawo kore.

Akwai wani farin abu kamar auduga a tsakanin ganye.

Ƙwari ne masu tsotsar ruwan tsiro. Ki ware tukunyar daga sauran, ki tsoma auduga a sifirit ki goge su ɗaya bayan ɗaya da yamma, ki maimaita bayan mako guda. In kin ga tururuwa na hawa da sauka, ki duba sosai, sau da yawa zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi.

Ƙariya ta ta zubar da ganye duka a hunturu. Ta mutu ne?

In gindin da tauri, lafiyarta ƙalau. Haka take yi da rani, har takan yi fure ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ka rage ruwa kawai.

Muna da yara ƙanana. Akwai wanda bai kamata mu ajiye ba?

Wannan tambaya tana da muhimmanci ƙwarai. Kaktus na ainihi asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma babbar illarsa ƙaya ce. Amma ƙerana da tinya, da wasu da ake sayarwa a matsayin kaktus saboda kama, dangi ne daban. In aka karya su farin ƙaro ke fitowa kamar nono, mai ƙona fata, mai iya yi wa ido mummunan lahani. Ƙariya ma, duk kyawun furenta, ruwan jikinta dafi ne, har an daɗe ana amfani da shi wajen haɗa dafin kibiya. Irin waɗannan a ajiye su inda hannun yaro da bakin akuya ba za su kai ba, kuma mai yankan su ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu. In ƙaron ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na tsawon aƙalla minti 15, kada a murza, sannan a wuce asibiti nan take.