Tambayoyi da Amsoshi Kan Wanke Ƙwanson Teku da Adana Shi a Gida

Wanda ya je bakin teku ya dawo da ƙwanso cike da jaka yakan tarar, bayan kwana biyu ko uku, cewa abin da ya ba shi sha'awa a kan yashi ya soma wari a cikin ɗaki, launinsa kuma ya dusashe. Kusan dukkan amsoshin da ke tafe sun rataya ne a kan abu guda, wato sanin abin da aka yi ƙwanson da shi. Jikinsa sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin wanda ke cikin alli da ƙwanson ƙwai, haɗe da ɗan furotin da ke riƙe shi. Abu mai irin wannan jiki yana jure ruwa, amma ba ya jure tsami, ba ya kuma son a fitar da shi daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya.

Me ke jawo wari, alhali ƙwanson kamar babu komai a cikinsa?

Ƙwanso gidan dabba ne, kuma da wuya teku ta wanke shi tas kafin ta jefo shi gaɓa. Ƙumba mai murfi biyu ba ta cika ba da wahala ba, domin idan ta buɗe ana ganin cikinta duka. Matsalar tana ga katantanwa mai murɗaɗɗen ciki, inda ɗan guntun nama kan maƙale a can ƙuryar da ido ba ya kaiwa, ya ruɓe a hankali. Ban da wannan akwai gansakuka da ƙananan halittun da ke manne a bayanta, ga kuma gishiri, wanda ke jawo laima daga iska ya hana ƙwanson bushewa sosai.

Yaya ake gane wanda ke da rai, kuma ya halatta a ɗauke shi?

Ana duba bakin katantanwar. Idan an ga wani ɗan faifai mai tauri ya toshe shi kamar ƙyaure, to mai gidan yana ciki. Ƙumbar da murafenta biyu suka rufe gam ita ma mai rai ce. Wani lokaci kuma baƙo ne a ciki, domin akwai wata irin ƙaguwa mai taushin ciki da ke tarewa a katantanwar da mai ita ya mutu, kuma idan aka ajiye ta a ƙasa aka ɗan jira, za a ga ƙafafunta sun leƙo. Duk waɗannan abin da ya dace shi ne a mayar da su ruwa. A tekuna masu ɗumi akwai ma dalili na kare kai: katantanwa mai siffar mazurari, wadda masana ke kira Conus, tana da dafin da take harbi da shi, kuma nau'inta da ake kira Conus geographus ya taɓa kashe mutane.

Doka ma tana da ta cewa. Tsibirin Sanibel da ke jihar Fulorida ta Amurka ya hana ɗaukar ƙwanso mai rai tun 1995, tsibirin Sardiniya na Italiya kuwa ya kafa doka a 2017 wadda ta hana kwasar yashi da duwatsu da ƙwanso daga gaɓarsa, da tara daga Yuro 500 zuwa 3,000. Haka nan yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar barazana, ta sa ido a kan ƙetare iyaka da wasu nau'o'i, ciki har da manyan ƙumban nan na Tridacna da kuma Nautilus, wata dabbar teku mai murɗaɗɗen ƙwanso, ko da ƙwanson fanko ne.

Idan akwai ragowar nama a ciki, yaya ake fitar da shi?

Mataki na farko, ko da nama ko babu, shi ne a jiƙa ƙwanson a ruwan daɗi na tsawon kwanaki, ana sauya ruwan kullum, domin yashi ya saki, gishiri kuma ya fita. Idan wari bai tafi ba, sai a koma ga ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ana iya dafa shi, amma da sharaɗin a sa shi a tukunya tun ruwan yana da sanyi, a bar shi ya tafasa na 'yan mintuna, sannan a sauke a bar su su huce tare, domin jefa shi cikin tafasasshen ruwa ko kwara masa ruwan sanyi yana da zafi kan bar masa ƙananan tsaguwa da ba sa gyaruwa. Ana iya ƙulle shi a leda a sa a firiza na kwana biyu ko uku, a fitar a bar shi ya narke da kansa. A duka biyun, sai a sa hantsaki ko lanƙwasasshiyar waya a jawo naman ana murzawa ta yadda katantanwar ta murɗe, ba a fizga ba, don kada ya tsinke a ciki.

Hanya ta uku ita ce ta mai haƙuri, kuma a ganina ta fi sauƙi ga ƙwanso mai rauni: a ajiye shi a inuwa kusa da gidan tururuwa, a kife masa wani abu don kada kyanwa ko tsuntsu su ɗauke, a bar su su yi aikin cikin makonni.

Ana iya amfani da bilic?

Ana iya, amma ba ga kowane ƙwanso ba. Masu tara ƙwanso sukan gauraya bilic da ruwa rabi da rabi, ko su tsinka shi fiye da haka, su jiƙa ƙwanson na 'yan sa'o'i suna dubawa. Bilic ba ya cin jikin allin kansa, abin da yake ci shi ne nama da gansakuka da wata fata mai duhu da ke lulluɓe da ƙwanso da yawa tun dabbar tana raye, wadda launin gaske ke ɓoye a ƙarƙashinta. Da zarar fatar ta saki sai a fitar da shi, a goge da tsohon buroshin goge baki, a kankare abin da ya manne da tsinke a hankali, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa bakinsa yana kallon ƙasa. Barin sa ya kwana biyu a ciki ba ƙarin tsabta ba ne, yana cinye furotin da ke riƙe jikinsa ne, sai ya zama mai saurin karyewa.

Wuri, wato ƙwanson nan da aka yi kuɗi da shi a da, da danginsa masu sheƙi ba a sa su a bilic. Sheƙinsu na halitta ne, domin dabbar tana lulluɓe bayan ƙwanson da jikinta tana ƙara masa sabon rufi, kuma idan ya dusashe babu abin da zai dawo da shi. Ruwa da ɗan sabulu sun ishe su. A kuma sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke shiga, kada kuma a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal ko wani abin wanki mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

To ruwan khal ko lemun tsami fa, tunda ana wanke abubuwa da su?

A'a. Kumfar da ke tashi idan an ɗiga su a kan ƙwanso ba datti ba ne ke fita, jikin ƙwanson ne ke narkewa yana sakin iskar kabon. Yana iya fitowa da haske na ɗan lokaci, amma an riga an ɗebe masa rufin waje tare da ƙananan zanen da ake bambanta nau'i da nau'i da su.

Me ya sa launin ya mutu bayan ya bushe?

Ruwa yana cike ƙananan ramukan da yashi da igiyar ruwa suka yi wa ƙwanson, shi ya sa jiƙaƙƙe ya fi busasshe kyau. Ana iya maido da wannan kyan ta hanyar shafa masa man jarirai kaɗan da auduga, sannan a goge har sai ya daina maiƙo, domin wanda ya yi yawa ƙura yake kamawa. Man girki bai dace ba, yakan lalace ya yi danƙo da wari. Fentin sheƙi irin na katako ko na farce kuwa yakan koma rawaya da shekaru, cire shi kuma aiki ne, don haka sai dai ga wanda kayan ado zai yi da shi.

Wani farin gari ya fito wa ƙwanson da aka daɗe da ajiyewa. Mene ne shi?

Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ba masu tara ƙwanso takaici, domin tana faruwa ne a inda aka zaci an killace shi. Ana kiran ta cutar Byne, da sunan Baturen Ingila Loftus Byne, wanda ya yi bayaninta a 1899. Shi ya ɗauka ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, sai daga baya aka gano cewa babu ruwanta da su. Katako, musamman na itacen ok, da kwali da wasu nau'o'in gam, suna fitar da tururin tsami a hankali. Idan akwatin a rufe yake kuma akwai laima, tururin yana sauka a kan ƙwanson ya ci allin, ya mai da shi farin gishiri mai ɗan warin khal. Wato abin da aka hana yi da lemun tsami a minti biyar, akwatin katako yana yin sa cikin shekaru.

Idan an gan shi, a wanke ƙwanson da ruwan daɗi, a busar da shi sosai, a kuma sauya masa wuri, amma tabon da ya riga ya yi ba ya komawa. Mazubin gilashi ko na ƙarfe mai fenti ko na roba mai tauri ya fi aminci, a wuri busasshe da rana ba ta bugunsa, domin haskenta yana kashe launi. Ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin sabbin kaya suna taimakawa wajen tsotse laima. Masu rauni kuma a ware wa kowane nasa gurbin, don kada su riƙa gogar juna.

Akwai abin da ya kamata a rubuta?

Akwai: wurin da aka tsince shi, ranar da aka tsince shi, da yanayin wurin, ko yashi ne ko duwatsu. A rubuta da fensir a ɗan guntun takarda mai kyau a ajiye tare da shi, domin fensir ba ya zuba idan laima ta taɓa shi. Sunan nau'in ana iya nemo shi ko bayan shekara goma, amma sunan gaɓar da aka same shi, idan an manta, babu masanin da zai iya karanto shi daga jikin ƙwanson da tabbaci.