Kafin obin ya yi ɓarna, yakan ba da alama

Har yanzu ina tuna wata baiwar Allah da aka kawo mana asibiti da ƙuna daga tsintsiyar hannu har gwiwa, gashin girarta duk ya babbake. Da na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce ta murɗa gas ɗin obin, ta laluba ashana ba ta gani ba, ta leƙa ɗaki ta ɗauko. Ko minti ɗaya ba ta yi ba, in ji ta. Tana ƙyasta ashanar, wuta ta yi tsalle ta tare ta, domin gas ya riga ya cika akwatin yana jiran tartsatsi. Tun daga ranar, duk inda na tsaya yin magana kan lafiyar gida sai na sako zancen obin. Na lura mutane suna kaffa-kaffa da wutar da idonsu ke gani, amma wannan akwati mai ƙofa sun ɗauke shi tamkar kabad.

Mai obin gas da ake kunnawa da hannu, ya riƙe wannan: a buɗe ƙofa, a ƙyasta ashana, sannan a murɗa gas. In bai kama nan take ba, a kashe, a bar ƙofar a buɗe na wasu mintuna iska ta kwashe abin da ya taru. Kuma kada a kai fuska kusa don leƙawa.

Gas ɗin tukunya ba shi da wari a asalinsa. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi in ya tsiyaya. Ya kuma fi iska nauyi, shi ya sa ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya ya bi lungu da ƙarƙashin kabad. Idan kun ji warin, kada wanda ya taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, don ɗan tartsatsin cikinsa ya isa. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe tagogi da ƙofofi, kowa ya fita. Neman inda yake yoyo kuwa, ruwan sabulu ake shafa wa tiyo da mahaɗarsa, inda kumfa ke kumbura nan ne. Ba a nema da ashana. Na san akwai masu yi, Allah ne kawai ke tsare su. Tiyon da ya bushe ko ya fara tsagewa, canza shi ake yi, ba a naɗe shi da leda ko salatif.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda hanci ba ya ji. Ku riƙa duba harshen wutar. Lafiyayye shuɗi ne, a tsaye, babu hayaƙi. In ya koma rawaya ko ya soma barin baƙi a gindin faranti, gas ba ya ƙonewa sarai, ko dai ramukan da wuta ke fitowa sun toshe, ko iska ba ta ishe shi ba. Irin wannan wuta ce ke fitar da kabon monoksaid mai yawa, iskar da ba ta da wari kuma ba ta da launi. Da ta shiga jini sai ta manne wa himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin zuwa gaɓoɓi, kuma riƙonta ya fi na oksijin sama da sau 200. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ya ce ko zazzaɓi ne ke son kama shi, ya je ya kwanta, alhali kwanciyar ce haɗarin. Abin da zai farkar da ku shi ne mutanen gida da yawa su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma da sun fita waje sai su sami sauƙi. To a kashe gas, a fitar da kowa, a tafi asibiti ko da an ji dama-dama. Don Allah kada a buɗe ƙofar obin don ɗumama ɗaki lokacin sanyi, kuma a bar taga a buɗe duk sanda ake gashi.

Na lantarki ba shi da wannan matsala, tasa daban ce. Babban obin yakan ja wat 2,000 zuwa 5,000, saboda haka soket nasa na kansa yake buƙata, ba wayar jona da aka lafta wa firji da dutsen guga ba. Filogi ya yi zafi ko an ji ƙaurin roba, a kashe daga babban makunni a kira mai gyara.

Sai maiƙo. Ɗigon da aka bari yau, gobe ya daskare, jibi ya fara hayaƙi, wata rana ya kama. In wuta ta tashi a ciki, hannu zai so ya buɗe ƙofa. Kada a buɗe, iska za a ba ta. A kashe obin a bar shi a rufe ta mutu da kanta, in ta ƙi a fita a kira 'yan kwana-kwana. Ruwa kuwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi. Maganin duk wannan gogewa ce bayan obin ya huce. Wanda ya kafe, a dama bekin soda da ruwa kaɗan a shafa, ya kwana, da safe a goge. Magungunan wanke obin na kanti da yawa suna da soda mai cin fata, sai da safar hannu da taga a buɗe, kuma kada a gauraya bilic da wani abin wanki. Masu shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin don gudun wanki, ku bari, tana toshe hanyar iska tana tara zafi. Robar bakin ƙofa ma a riƙa dubawa. In ta saki, zafi zai riƙa tserewa, gashi ya ƙi yi daidai, hannayen murɗawa su ɗau zafi.

Yara kuma ƙofar obin a buɗe matakala ce a wurinsu. Yaro ya taka, murhun gaba ɗaya zai iya rinjayowa da duk abin da ke kansa, don haka ake ɗaure bayansa da bango. Tsumma mai danshi ba ya kare hannu, tururi yake zama ya ƙona, a yi amfani da busasshe mai kauri.

In tsautsayi ya afka, a tara wurin a ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20 cikakku. Da yawa suna gajiya a minti 2, alhali zafin yana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko ƙwai ko mai, wahalar wanke ciwon kawai suke ƙara mana, su kuma jawo ƙwayoyin cuta. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, kada a fizge tufar da ta manne. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta fuska, hannu, ƙafa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, ko kowace irin ƙuna a jikin jariri, a kawo mana ita a ranar.