Waiwaye: Yadda Haruffan Ɗigo Suka Yi ta Sauya Mazubi a Tsarin X

Tsarin X, wanda ke zana tagogi da rubutu a allon kwamfutocin Unix, ya samo asali ne a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta X11 kuma ta fito a 1987. A lokacin kowane harafi zane ne na ɗigo-ɗigo da aka tsara da hannu don girma ɗaya tak, saboda haka aka buƙaci mazubin da za a adana zanen a cikinsa.

Mazubin da aka ɗauka shi ne BDF na kamfanin Adobe, kuma amfaninsa shi ne rubutu ne zalla da mutum zai buɗe ya karanta. Kowane harafi yana farawa da kalmar STARTCHAR, sai lambarsa, sai faɗinsa da tsayinsa, sannan a jera layukan ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Idan layi ya nuna 18 a lissafin sha shida (hexadecimal, inda kowace lamba ɗaya ke wakiltar gurabe huɗu), ma'anarsa gurabe takwas ne, uku babu komai, biyu baƙaƙe a tsakiya, uku kuma babu komai. Mai haƙuri zai iya zana harafin a takarda daga waɗannan lambobi kaɗai.

Sai dai karanta irin wannan rubutu yana cin lokaci ga injinan wancan zamani, don haka aka riƙa sarrafa shi zuwa SNF, mazubin da inji ke karantawa kai-tsaye, da manhajar bdftosnf. A nan gizo ya yi saƙa, domin SNF yana bin yadda kowane inji ke jera bayanai a ƙwaƙwalwarsa, kuma injin VAX da na Sun ba jeri ɗaya suke bi ba. Fayil ɗin da aka haɗa don wannan ba ya aiki a wancan, ga shi kuwa jami'o'i suna haɗa injina iri-iri a kan rumbun ajiya guda. Fitowar X11R5, bugu na biyar na X11, a 1991 ta zo da sabon mazubi mai suna PCF, wanda ke rubuta tsarin jerinsa a cikin fayil ɗin kansa, ta yadda kowane inji zai san yadda zai karanta. Daga nan manhajar bdftopcf, mai juya BDF zuwa PCF, ta zama kayan aikin yau da kullum, daga baya kuma aka samu pcf2bdf, mai mayar da PCF zuwa BDF, ga wanda asalin fayil ɗinsa ya ɓace.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara faɗaɗa waɗannan haruffa zuwa Unicode, tsarin da ke ba haruffan harsunan duniya lambobi. Markus Kuhn ya jagoranci ƙara dubban alamomi a tsofaffin haruffan X, Roman Czyborra kuma ya fara jerin haruffan ɗigo mai suna Unifont a 1998. Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin tsohon jerin Latin-1 na harsunan Yammacin Turai.

Matsalar ta sake ɗagowa a 2019, lokacin da Pango 1.44, wadda manhajoji da yawa na Linux ke dogara da ita wajen jera rubutu, ta koma amfani da wani kayan aiki mai suna HarfBuzz wajen ɗauko haruffa, shi kuwa bai san BDF da PCF ba. Masu amfani da haruffan ɗigo irin su Terminus suka wayi gari sun ga akwatuna a maimakon rubutu. A ganina an yi gaggawa, ko da yake masu gyaran suna da hujjarsu. Mafitar ita ce a zuba ɗigon a cikin mazubin OpenType mai suna OTB, da manhajar fonttosfnt ta Juliusz Chroboczek. Da farko an yi ta kuka kan tazarar haruffa da ta lalace bayan juyawar, sai da aka yi wa manhajar gyare-gyare, kuma har yau masu juyawar sukan fi son farawa daga fayil ɗin BDF na asali.