Songbird: Fim ɗin annoba da ya fito annoba na tsaka da cin mutane

Wane fim ne Songbird, kuma me labarinsa ya ƙunsa?

Fim ne na Amurka da ya fito ranar 11 ga Disamba, 2020. Adam Mason ne darakta, Michael Bay kuma yana cikin furodusoshi, mutumin da aka sani da fina-finan fashe-fashe da ƙarar harsashi.

Labarin ya tsallaka zuwa 2024 a birnin Los Angeles. Korona ta rikiɗe ta zama wata muguwa da suka kira COVID-23, an shekara huɗu ana zaman kulle. Kullum sai mutum ya auna zafin jikinsa da waya. Idan ta nuna zazzaɓi, jami'an tsafta za su dira gidan, su kwashe kowa zuwa sansanin killacewa. Waɗanda cutar ba ta kamawa ne kaɗai ke yawo a gari, kowa da awarwaro mai ruwan ɗorawa a hannu.

Nico, wanda KJ Apa ya fito a matsayinsa, ɗan aike ne mai irin wannan garkuwar jiki. Budurwarsa Sara, wato Sofia Carson, tana kulle a gida, soyayyar tasu ta waya ce da ta bayan ƙofa. Da kakar Sara ta kwanta ciwo, sai Nico ya bazama neman awarwaron bogi kafin a zo a tafi da yarinyar.

Ta yaya aka ɗauki fim a tsakiyar kulle?

Cikin gaggawa. An fara ɗauka a watan Yulin 2020, aka gama a farkon Agusta, kuma shi ake kira fim na farko da aka ɗauka a Los Angeles bayan rufe masana'antar. Ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ma ta fara hana mambobinta shiga aikin, kafin ta janye umarnin. Alamar hakan tana ko'ina a cikin fim ɗin: jarumi shi kaɗai a ɗaki yana magana da allon waya, wani ma haka a nasa ɗakin. Titunan da babu kowa kuwa, zaman kulle ne ya samar musu da su.

To me ya sa aka yi masa ca?

Abu na farko lokaci ne. A makon da ya fito, waɗanda korona ta kashe a Amurka sun kusa 300,000. A ranar ce ma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a fara amfani da allurar rigakafin Pfizer. Jama'a na zaman makoki suna jiran sauƙi, sai ga fim yana ce musu ai ba ku ga komai ba tukuna. Tun daga tallansa aka fara cewa ana neman kuɗi da hawayen mutane. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai, masu sharhin da suka yaba masa ba su kai kashi 15 cikin 100 ba.

Kenan da ya jira shekara biyar da ya samu karɓuwa?

Ni dai ban yarda ba. Babbar matsalar ita ce cutar ba ta da aikin yi a cikin labarin. Cire COVID-23 ka sa yaƙi ko ambaliya, saurayi zai ci gaba da gudu don ceto budurwa, babu abin da zai sauya. Mugun da ke cikin fim ɗin ma mutum ne: shugaban sashen tsafta, wanda Peter Stormare ya yi, yana zare ido yana wasa da wuƙa kamar ya ɓato hanya daga wani fim. A shekarar da ma'aikatan lafiya ke faɗuwa a bakin aiki, sanya jami'in lafiya ya zama bos bai yi wa mutane da yawa daɗi ba.

Sannan an cika tukunyar da yawa. Ga Demi Moore da mijinta na fim suna sayar da awarwaron bogi, ga mawaƙiyar da ke waƙa a intanet, ga tsohon soja a keken guragu da jirginsa marar matuƙi, duk cikin fim da bai kai awa ɗaya da rabi ba. Sansanin killacewar, wanda shi ne abin tsoron gaske, daga nesa kawai ake leƙa shi. Mutanen da ke ciki ba su samu ko suna ba.

Akwai fim ɗin annoba da ya yi abin da ya dace?

Contagion na Steven Soderbergh, wanda ya fito a 2011, mutane suka koma masa rububi a farkon 2020. Masana cututtuka ne suka ba da shawara wajen rubuta shi, kuma kyamara tana bin hannu: ya taɓa ƙofa, ya taɓa kofi, ya taɓa fuska. Tsoron yana fitowa daga abin da kai ma ka yi da safe.

Ya cancanci kallo yanzu?

Idan kana son ganin Los Angeles ta yi tsit a bazarar 2020, da yadda ake haɗa fim alhali 'yan wasa ba sa iya kusantar juna, to ka kalla. Idan labari kake nema, tun a minti ashirin na farko za ka san inda za a ƙare.